Wanda Ya Kwance Ƙyallen Gamja

Uwargida Ok ba ta taɓa ɓoye dalilinta na ƙin auren nan ba. A gaban kowa take faɗa, har a shagon gyaran gashi: ɗanta Seokju malamin makaranta ne, jikan malamai, ba zai kwaso mata yarinyar da ke wuni tana wanke kejin karnuka ya ce ga suruka ba.

Maganar ta sha dawowa kunnen Narae. Takan yi kukanta ta share hawaye, gari na wayewa ta koma bakin aiki a gidan kula da karnukan da mutane suka yasar, can bayan garin Jeonju. Abin da ke riƙe da ita bai wuce maganar da Seokju ke yawan maimaita mata ba.

"Ki ƙara haƙuri, Narae-ya. Omma ba ta san ki ba ne. Ranar da ta gan ki a kan aikinki, magana ta ƙare."

To, ga ranar ta zo. Uwargida Ok ta yarda za ta leƙo taron ba da karnuka riƙo da suke yi a filin bakin kogi. In ta gamsu, a sa ranar zaman iyaye, ɓangarorin biyu su haɗu kan teburi ɗaya su ci abinci a tsayar da magana. Mahaifiyar Narae tuni ta kai rigarta wajen mai guga, tun kafin a ce da ita komai.

Tun da safe Narae ke ta kai-komo tsakanin rumfuna. Tsaron taron gaba ɗaya a wuyanta yake, kuma ba ta wasa da shi. Ita ta ja igiyoyin da suka raba hanyar shiga da ta fita, ita ta sa aka nesanta rumfar kyanwoyi daga ta karnuka, ita ta bi kejina ɗaya bayan ɗaya tana jijjiga sakata.

Shugaba Bang, tsohuwar da ta kafa gidan, ta tsaya da bokitin ruwa a hannu tana ƙare mata kallo.

"Yau kuma jan baki muka samu? Karnukan ne suka ce suna so?"

"Shugaba, don Allah ki bari."

"Ni me na ce? Ki dai goge na haƙorinki kafin uwar miji ta iso."

Narae ta yi dariya ta wuce rumfar baya. Tsarin nasu ba shi da wuyar ganewa. Kare mai koren ƙyalle a wuya, kowa na iya shafa shi, har yara. Mai rawayan ƙyalle kuwa ba a taɓa shi, ba a fito da shi cikin jama'a. Yana zaune a rumfar baya da mai riƙonsa, wanda yake son ganinsa ya shigo shi kaɗai, ya tsuguna a gefe ya jira karen ya zo da kansa.

Gamja kaɗai ne mai rawaya a ranar. Farin kare ne tas, kyakkyawa, irin wanda mutum zai gani ya ji hannunsa na miƙewa da kansa. Amma a ɗaure ya girma, a bayan wata ma'aikata, kuma duk hannun da ya taɓa saukowa ta saman kansa da sanda yake saukowa. Duk duniya mutum biyu ya yarda da su, Narae da Seokju, wanda ke zuwa kowane ƙarshen mako ya fita yawo da shi.

Seokju na zaune kan kujerar roba, Gamja ya ɗora haɓa a gwiwarsa. Narae ta tsuguna ta ɗaura rawayan ƙyallen, ta ƙulla shi sau biyu, ta sa yatsa ta gwada.

"Oppa," ta ce, yadda budurwa ke kiran saurayinta a can, "ko wane ne ya roƙe ka, kada ka fita da shi."

"Na ji, ranki ya daɗe."

"Ba wasa nake ba."

"Na sani." Ya kama hannunta ya ɗan matse. "Hannunki ya yi sanyi. Omma ce, ba damisa ba."

Hantsi ya ɗaga lokacin da Uwargida Ok ta iso, da laimarta da farar safar hannu. Narae ta taho da sauri ta rusuna. Matar ba ita kaɗai ta zo ba. Wata budurwa ce rataye da hannunta, doguwa, cikin riga mai ruwan madara da takalmi mai tsini, a wurin da kowa ke sanye da takalmin roba.

"Sannu da zuwa, Omonim," ta ce, yadda matar ɗa ke kiran uwar mijinta. "Kin sha hanya."

Uwargida Ok ta dube ta tun daga sama har ƙasa, ta ɗan yatsina hanci.

"Ki dakata da wannan sunan tukuna, ba a kai nan ba. Wannan Chaerin ce, 'yar shugaban makarantar su Seokju. Tana son dabbobi, shi ya sa na ce ta rako ni."

Kai, jama'a. Mace ta zo ganin budurwar ɗanta, ta taho da wadda take so ya aura, ta kuma ce rakiya ce. Narae ta yi murmushi, ta zagaya da su. Ta nuna musu kore, ta yi musu bayanin rawaya. Chaerin na ta cewa "kai, abin sha'awa," idonta na kan wayarta. Uwargida Ok kuwa hankici ta kara a hanci tun daga rumfar farko har ta ƙarshe.

Suna isa bakin rumfar baya aka ƙwala wa Narae kira daga ƙofa. Wani mutum ne ya shigo da ƙaton karensa ba igiya, yana ta ɗaga murya wai filin na gwamnati ne. Dole ta je.

"Oppa, ga su Omma nan. Daga bakin igiya za su tsaya."

Ya ɗaga mata hannu alamar ya ji.

Ta daɗe tana lallashin mutumin kafin ya yarda ya karɓi igiyar aro. Tana cikin ɗaura masa ita ta ji ƙarar. Ƙarar mace ce, siririya, sai haushi guda ɗaya tak a bayanta. Ta san haushin nan. Ba ta san lokacin da ta saki igiyar ta kwasa da gudu ba.

Wurin ya kaure. Iyaye na ta janye 'ya'yansu, karnukan da ke cikin keji sun ɗauki haushi gaba ɗaya. Chaerin na durƙushe kan ciyawa riƙe da tsintsiyar hannunta, jini na bin rigar. Ba a rumfar baya suke ba. A tsakiyar fili suke, gindin bishiyar nan mai jajayen ganye inda mutane ke ɗaukar hoto. Gamja ya maƙale a bayan ƙafafun Seokju, jelarsa a matse, jikinsa na ɓari.

Wuyansa fayau, babu ƙyalle.

Narae ta yi abin da ta saba. Ta sa aka ja da jama'a baya, ta wanke ciwon da ruwa mai yawa, ta danne shi da auduga, ta haɗa Chaerin da wata 'yar sa-kai suka tafi asibiti. Ta sa wa Gamja takunkumi ta mayar da shi rumfarsa.

Jami'in hukumar gari da aka turo sa ido kan taron ya tara su a gefe. Mutum ne mai sanyin magana, amma bai yi kwana-kwana ba.

"Yau dai karen zai bi mu, a killace shi a duba lafiyarsa a gwada halinsa. Abin da nake son sani shi ne, an sa masa alama ko ba a sa ba? In an sa, wani ya karya ƙa'ida, laifin mutum ne, kare zai dawo muku. In kuwa kun shigo da mai cizo cikin jama'a ba alama, wannan wata magana ce daban."

Bai ƙarasa ba, kuma ba sai ya ƙarasa ba. Duk wanda ya yi aiki a gidan karnuka ya san inda wannan hanyar take ƙarewa, a bakin allurar kisa.

"Wa ke ɗaura alamar?"

"Ni ce," in ji Narae. "Na ɗaura masa."

"Wa ya gani?"

Ta juya ta dubi Seokju, hankalinta kwance. Ko a mafarki ba ta kawo wani abu a ranta ba.

Seokju ya kalli takalminsa. Uwargida Ok ta gyara riƙon jakarta.

"Malam, kai ke riƙe da shi," in ji jami'in.

"Ni dai..." Ya share gumin goshinsa. "Lokacin da aka ba ni shi, ban ga ƙyalle a wuyansa ba."

"Ga hoto ma," Uwargida Ok ta cafe, ta miƙa wayarta. "Ni na ɗauka da hannuna kafin abin ya faru. Duba wuyan. Da mun ga alama, mahaukata ne mu da za mu matsa kusa? Yarinyar nan aiki ya yi mata yawa, tun safe take ta rawar kai. Mantuwa ai ba a kanta aka fara ba."

Shugaba Bang ba ta da halin ba da shaida. Tana can gaba tana sauke kaya lokacin da aka ɗaura, ba ta gani ba, kuma ita ba ta rantsuwa kan abin da ba ta gani ba. Jami'in ya ce zai je ya kira mota, in ya dawo yana son jin magana ta ƙarshe.

Narae ta kama hannun rigar Seokju ta ja shi bayan rumfa, inda aka jibge buhunan abincin karnuka. Sai a nan hawayen suka zubo.

"Oppa, dube ni."

Ya ƙi ɗagowa.

"Na ce ka dube ni. Kana zaune na ɗaura. A kan gwiwarka haɓarsa take. Ka manta ne, ko ni ce na haukace?"

"Narae-ya, ki saurare ni."

"Ina ji."

"Chaerin ce ta ce tana son hoto da shi. Na ce ba a fita da shi. Omma ta ce a gaban baƙuwa zan kunyata ta? Minti ɗaya ne kawai. Da muka je gindin bishiya ta ce tsumman nan yana ɓata hoton, in cire. Na ɗauka tunda ina riƙe da shi ba abin da zai faru. Ban ankara ba Chaerin ta kai hannu ta saman kansa."

"Kai ka kwance."

"Ni na kwance."

"Ina ƙyallen?"

Ya ce, "Yana jakar Omma."

Narae ta dafa buhun da ke kusa da ita. Da wani ne ya yi mata haka, da sauƙi. Amma Seokju ne, wanda ya taɓa kwanciya a ƙasan siminti rabin wuni don kawai Gamja ya yarda ya shinshina hannunsa.

"To mu je ka faɗa wa jami'in abin da ka faɗa mini."

"Ba zan iya ba."

"Me ka ce?"

"Ki yi tunani mana. 'Yar shugabana ce. In ya ji ni na cire alamar haɗari da hannuna, na kai 'yarsa bakin kare, wa zai sake ba ni amanar yara? Iyayen ɗalibai za su ji. Aikina ya tafi ke nan, sunan mahaifina ya tafi. Ke kuwa faɗa kawai za a yi miki. Shugaba Bang ba za ta kore ki ba."

"Gamja fa?"

"Wataƙila ya ci gwajin."

"Wataƙila?" Ta yi wata dariya mai ɗaci cikin kuka. "Karen da baƙo ba ya iya tsayawa kusa da shi, shi za a kai wa baƙi su gwada? Ka fi kowa sanin abin da zai faru, Oppa. Kada ka raina mini hankali."

Ya matso ya riƙo kafaɗunta. Shi ma idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ki ji sauran. Omma ta yarda."

"Ta yarda da me?"

"Da mu. Yanzu ta faɗa mini. Ta ce in kika rufa mana asiri kika ce mantuwa kika yi, ta san ke 'yar gida ce. Ranar Asabar za a yi zaman iyaye. Narae-ya, abin da muka daɗe muna kuka a kai ne. Kalma ɗaya ce kawai."

Ta tsaya tana kallonsa. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne murnar da ta gani a fuskarsa. Da gaske yake, gani yake albishir ya kawo mata. Kuma don a faɗi gaskiya, zuciyarta ta motsa. Ta tuna mahaifinta da ke tsaye kan tukunyar miya a kasuwa tun asuba, yana ce wa abokan ciniki 'yarsa malami za ta aura. Ta tuna irin daren da ta raba tana roƙon ranar nan ta zo.

"Ashe sadakina ke nan," ta ce a hankali. "Kare."

"Kada ki faɗi haka."

"Yaya zan faɗa? Koya mini, ai kai malami ne."

"Ina son ki. Kin san ina son ki."

"Na sani. Gamja ma kana son sa."

Takun takalmi ya katse su. Uwargida Ok ce ta zagayo, ta naɗe laimarta, fuskarta a sake kamar ba ita ba. Ta sa hannu ta gyara wa Narae gashin da ya zubo mata a goshi.

"Share hawayenki, 'yata. Mace ba ta shiga gidan mutane sai ta iya haɗiye abu. Ni ma na haɗiye nawa. Karnuka kuwa ga su nan cike da gari, gobe ma wani za a tsinto. Ki gaya wa iyayenki Asabar da rana, ni zan kama wurin cin abincin. Yanzu kina iya kirana Omonim."

Sunan da Narae ta yi ta marmarin a ba ta izinin faɗa, yau ga shi an miƙo mata.

Motar hukuma ta iso ta tsaya a bakin rumfar baya. Ma'aikata biyu suka sauko da kejin ƙarfe. Gamja na ganinsu ya ja da baya har ƙuryar rumfa, ya manne da ƙasa, yana gurnani ta cikin takunkumi. Ɗayansu ya koma mota ya ɗauko sandar kamu mai zarge a baki.

"Kada ku sa masa sanda," in ji Narae. Ta so ta je da kanta, amma ta kasa. Ba za ta iya kai shi da hannunta ba.

"Bari in gwada," in ji Seokju.

Ya je bakin kejin ya tsuguna a gefe, yadda ita ta koya masa. Ya sassauta murya.

"Gamja-ya. Zo nan, yaron kirki. Ba komai, ina nan. Zo."

Gurnanin ya tsaya. Karen ya ɗaga kunne. Ya taso a hankali, cikinsa na jan ƙasa, jelarsa ta fara kaɗawa. Ya zo ya goga kansa a gwiwar Seokju, ya bi hannunsa har cikin kejin. Seokju ya zare hannun ya tura sakata.

Narae na tsaye tana kallo. Ta san muryar nan sarai. Da ita ya ce mata ta ƙara haƙuri, da ita ya ce mata kalma ɗaya ce kawai.

Jami'in ya matso. "Malama, me kika tuna? Kin ɗaura, ko kin manta?"

Uwargida Ok ta ɗan taɓa gwiwar hannunta, ta ce ƙasa-ƙasa, "Asabar."

Narae ta janye hannunta.

"Na ɗaura. Shi ya kwance don a ɗauki hoto, ya faɗa mini da bakinsa yanzun nan. Ƙyallen yana cikin jakar mahaifiyarsa."

Uwargida Ok ta rungume jakar a ƙirji. "Kun ji sharri ko? Ni za a caje kamar ɓarauniya? Ai ga irin tarbiyyar da nake faɗa."

Jami'in bai kula ta ba. Ya juya wajen Seokju, wanda har yanzu yake tsugune a bakin keji, Gamja na shinshinar yatsunsa ta tsakanin ƙarafa.

"Malam, haka aka yi?"

Narae ta zuba masa ido. Allah sarki, har a lokacin tana sa rai. Da zai ce e, da ta yafe masa komai a nan take, ta tsaya tare da shi gaban shugaban makaranta da duk wanda za a tsaya.

Seokju ya kalli mahaifiyarsa. Ya zare yatsunsa daga kejin ya miƙe.

"Ta gaji ne," ya ce. "Tun safe ba ta ci komai ba. Ban ga ƙyalle ba."

Shugaba Bang ta tofar da yawu a gefe, ta ce wa jami'in ita ma tana da magana, kuma ba za ta bar wurin ba sai an buɗe jakar nan ko da 'yan sanda ne. Uwargida Ok ta hau sababi. Narae ba ta tsaya jin yadda za ta kaya ba. Ta bi ma'aikatan da suka ɗaga kejin, ta roƙe su su bar ta ta zauna a baya tare da Gamja, don kada ya firgita a hanya. Suka matsa mata.

Ta sa ƙafa ɗaya a mota ke nan ta ji Seokju a bayanta, ya sassauta murya.

"Narae-ya. Zo mana. Ba komai, ina nan."

Gamja ya miƙe cikin keji yana kaɗa jela, yana neman inda muryar take. Narae ta hau, ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta ce wa direban ya rufe ƙofa.